Loma Ɗaya a Jakar Gwaggo Marlys

A saman fiyanon cocinmu akwai wani ɗan madubi, bai fi tafin hannu ba. An kafa shi ne don mai kiɗa ta riƙa hango dattawa idan sun gama zagawa da faranti, ta san inda za ta tsaya. Da na gama jami'a na dawo gida, sai aka ba ni kiɗan, domin hannun tsohuwar da take yi ya fara rawa. Na gaji madubin yadda ta bar shi, a ɗan karkace. Dattawan ba ya nuna mini su sosai. Benci na huɗu ta hagu yake nunawa, inda Gwaggo Marlys da mijinta suke zama tun kafin a haife ni.

Ta nan na gani. Ranar Jibin Ubangiji ce, ranar da ake cin burodi a sha ruwan inabi don tunawa da Almasihu, an zaga da farantin burodi, ta ɗauki loma ɗaya kamar kowa, ta riƙe, ta sunkuyar da kai. Da Fasto ya ce a ci, hannunta ya tashi zuwa baki tare da na jama'a, ya sauko, har ta ɗan motsa muƙamuƙi. Amma hannun bai buɗe ba. Ya gangara cikin jakar da ke kan cinyarta, ya fito babu komai. Da aka zo kan ruwan inabi, ta kai ɗan finjalin bakinta leɓe a rufe, ta mayar da shi ramin da ke jikin bencin gabanta a cike, ta ɗora takardar tsarin sujada a kai.

Ba wanda ya lura. Mijinta da ke gefenta idonsa a rufe yake. Finjalin kuwa ba mai ganinsa, domin ita ce take kwashe su bayan an tashi, ita ce take wankewa.

Gwaggo Marlys yayar babana ce, ta fari cikin su biyar. A gona aka haife ta, mil shida daga garinmu, nan arewa maso yammacin Iowa, inda duk ta inda ka duba masara ce da rumfunan aladu. Tana da shekara goma sha takwas ta shiga kicin ɗin makarantar coci, ta yi shekara talatin da huɗu tana ciyar da 'ya'yan mutane. Rabin mazan garin nan har yau idan sun haɗu da ita a shago sai sun ɗan duba farcensu ko da datti. Ta auri Verlyn Dykshoorn, mai jigilar abincin dabbobi a babbar mota, mutum mai ƙaton ciki da baki marar birki. Sun haifi maza biyu, duk sun yi nisa da gida.

Ita ce mai yanka burodin Jibi, shekara ashirin da biyar ke nan. Ranar Juma'a take sayo shi, ta sa a firiza sai ya ɗan ƙage, don kada wuƙa ta lotsa shi. Ranar Asabar ta fere gefen, ta yanka tsakiyar murabba'i-murabba'i, kowace loma daidai da 'yar'uwarta. Idan ɗaya ta fita a karkace, gefe take turawa. Sau shida a shekara muke cin Jibi, kuma duk ranar Lahadin da ke gabansa Fasto yakan sanar, ya ce kowa ya yi mako guda yana binciken zuciyarsa, kada wani ya ci bai cancanta ba. Yawancinmu muna jin sanarwar ne kamar ta ranar share harabar coci.

Abin da aka fi saninta da shi kuwa shi ne Kaka Tena. Da tsufa ya rikita mahaifiyarsu, har ta fara fita titi da rigar barci tana neman shanun da aka sayar tun shekara talatin, su babana suka zauna suka ce a kai ta gidan kula da tsofaffi. Gwaggo ta ce ba ta yarda ba. Ta ajiye aikinta, ta gyara ɗakin ɗinkinta, ta ɗauko ta. Shekara huɗu tana yi mata wanka, tana ba ta abinci a baki, tana canza mata zanen gado. Ranar jana'iza tsohon Fastonmu ya ambace ta daga kan mumbari, ya ce duk mai son ganin yadda ake girmama uwa ya dubi Marlys. Na tuna yadda ta sunkuya a ranar. Kowa ya ɗauka tawali'u ne.

Shekara guda cur ina kallonta ta madubin nan. Sau shida hannu ya tashi, sau shida ya gangara cikin jaka. Ban gaya wa kowa ba, kuma na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin kirki. Gaskiyar ita ce na zo ina jiran lokacin. Ina riƙe da tawa lomar, maimakon in yi addu'a sai in ɗaga ido. Nakan zauna ina jera sunayen matan coci, ina tunanin da wa take gaba. Kowace Lahadi kuma a gidanta nake cin abincin rana, ta cika mini kwano, ta ce na rame.

Ranar da abin ya fito fili, Lahadi ce ta watan Oktoba, ana tsakiyar girbin masara, injuna duk a tsaye a bakin gonaki suna jiran Litinin. Da safe aka ci Jibi. Da rana Gwaggo ta yi baƙi, iyalin sabon Fasto, ba ta ko zauna ba sai da lokacin sujadar yamma ya yi.

A cocinmu, da zarar Fasto ya shiga wa'azi, sai ka ji jakunkuna suna buɗuwa ƙasa-ƙasa. Alewar na'a-na'a ce, farare, ƙanana. Ba a kallon jaka, ba a kallon wanda za a ba. Ido na kan Fasto, hannu yana aikinsa ta ƙasa. Kawu Verlyn uku yake samu a kowane wa'azi, da su yake auna tsawonsa.

Ni ba na tashi daga kujerar fiyano lokacin wa'azi, don ba na son ratsawa ta gaban jama'a. Saboda haka ina gani Gwaggo ta tura hannu cikin jaka, ta miƙa masa ta biyu. Ya jefa a baki. Ya tsotsa. Ya tsaya. Ya ɗan tauna, girarsa ta haɗu, ya juyo ya dube ta. Ita ma ta dube shi, sai ta dubi jakar. Na ga jini ya hau wuyanta har kunne. Shi kuma ya haɗiye, ya mayar da ido kan Fasto, kuma ranar bai yi gyangyaɗi ba.

Su suke sauke ni a gida bayan sujadar yamma. Na shiga baya yadda na saba. Sai da muka fita gari muka hau hanyar tsakuwa sannan ya yi gyaran murya.

"Marlys, wannan alewar taki, a wane shago kike sayenta yanzu?"

Ta gyara zaman jakar a kan cinyarta.

"Don in sani ne kawai. Ba zaƙi, ba sanyi, ga kusurwa huɗu."

"Tuƙa motarka, Verlyn."

"Ai tuƙawa nake. Shekara ashirin da biyar ina cin yankanki, ko ido a rufe na san shi."

"Akwai yarinya a baya."

"Farfesa ce. Farfesa ba ta ji, karatu ya toshe mata kunne. Ko ba haka ba, Farfesa?"

Da na yi dariya, da wataƙila a nan maganar ta mutu. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Na sani, Gwaggo. Na daɗe ina gani. Ta madubin fiyano."

Ta juyo gaba ɗaya a kujerarta. "Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

"Babanki fa?"

"Ba kowa, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallona. "Shekara guda kina kallona, Renae," in ji ta, ba da faɗa ba. Da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ta juya ta fuskanci gaba, ta riƙe jakar da hannu biyu.

Kawu Verlyn ya gangara gefen hanya, jikin wata gonar da aka girbe rabinta, ya kashe mota.

"Yau ne kawai, ko an daɗe?"

"Kullum da rana nake fitar da shi in marmasa wa tsuntsaye a bayan gida. Yau baƙi suka hana ni."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Shekara shida."

Na ga leɓensa yana motsi, yana ƙirgawa baya. "Tun Mama tana da rai ke nan."

"Na mare ta, Verlyn."

Ba ta yi kuka ba. Ta faɗe shi ne tana kallon gilashin gaba, kamar mai karanta jerin cefane. Ta ce wata safiyar Talata ce a watan Agusta, tana dafa tumatir tana zubawa a kwalabe don hunturu. Ta riga ta yi wa Kaka wanka sau biyu kafin ƙarfe tara, na biyun har da wanke bango. Ta sauka ɗakin ƙasa ɗauko murafen kwalba, ta hawo ta tarar Kaka ta miƙa hannu za ta tsoma cikin tukunyar da ke tafasa. Ta fizge ta. Kaka ta fasa ihu, ta ce ɓarauniya ta shigo mata gida, ta tofa mata yawu a fuska.

"Ba don in cece ta ba ne," in ji Gwaggo. "Na riga na janye ta daga wutar. Don haushi na yi. Kuma kafin hannuna ya sauko, na ji daɗi. Wannan ne ban taɓa iya faɗa ba. Na ji daɗi."

Kaka ta zauna a ƙasa ta dafe kunci. Gwaggo ta gudu baranda. Da ta dawo bayan kamar minti goma, ta durƙusa a gabanta ta ce, "Mama, ki yafe mini." Kaka ta shafa mata kai, ta ce, "Wa ya sa ki kuka, 'yar nan? Faɗa mini sunansa, in je in sami uwarsa."

"Na sake roƙonta washegari, da jibi. Har ta rasu ina roƙonta. Ba ta san an yi ba. Yaya za ta yafe abin da ba ta san an yi ba? Da ka dawo da yamma ka ga kuncin, na ce maka ƙofa ta buge ta."

"Na sani," in ji Kawu Verlyn.

"Ka san me?"

"Ƙofa ba ta da yatsu huɗu, Marlys."

Nan ne muryarta ta tashi. "Ka sani, ka yi shiru? Shekara shida?"

"Me zan ce? Ni da nake fita tun ƙarfe biyar, in ƙi dawowa sai na tabbata kin kwantar da ita? Duk lodin da direba ya ƙi, ni nake karɓa. Kina tsammani son aladu ne ya kama ni?" Ya murza sitiyari da tafin hannu. "Idan na tambaye ki, dole in tambayi kaina ina nake ranar. Sai na zaɓi ƙofa."

"Kuma kana cin Jibi."

"Ina ci."

"Ba ka jin kunya?"

"Don ina jin ta ne nake ci. Wa ya gaya miki abincin masu tsabta ne?"

Wata mota ta wuce, ta rage gudu don ta ga ko motarmu ce ta lalace. Kawu ya ɗaga musu hannu, Gwaggo ma ta ɗaga, har da murmushi. Da suka wuce murmushin ya tafi tare da su.

"Na roƙi Allah," in ji ta. "Kowace safiya, kafin in ɗora ruwan gahawa. Ba na jin komai. Idan an yafe wa mutum ai zai ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa. Ni nawa yana nan inda yake. Wata rana nakan yarda da safe, kafin rana ta yi tsaka abin ya dawo. Sai in ce to, ashe tuban nawa bai kai ba. Ko kuma na yi ne don tsoro."

"To sau nawa kike so Allah ya faɗa? Ya ce wanda ya furta laifinsa ya juyo, an yafe masa. Ni dai ban ji inda ya ce sai mutum ya ji sanyi a ƙirji ba. Wannan ke kika ƙara."

"Kar ka yi mini wa'azi, kai da barci ke ɗaukarka kafin alewa ta biyu ta narke."

"Ai ina jin farkon, kuma a farkon ake faɗar abin." Ya juyo gare ta sosai, cikinsa ya danni sitiyari. "Mutumin nan mai hasashen yanayi a rediyo, sau uku a mako yake ƙarya. Amma yana cewa za a yi ruwa, sai ki ruga ki kwashe shanya. Shi kin yarda da shi a kan maganarsa. Allah ne sai ya kawo miki shaida."

"Verlyn!"

"To ba haka ba ne? Kina ce masa maƙaryaci, cikin ladabi, da hannu a haɗe."

Sai ta waiwayo gare ni, kamar ta tuna ina nan. "Ke da kika yi karatu, ki ce wani abu mana."

Shekara huɗu na yi a jami'a, har da darasin addini na ɗauka, amma ba abin da ya zo mini daga can. Abin da ya zo shi ne wanda na daɗe ina dannewa.

"Sau biyu kawai na zo ganin Kaka a gidanki," na ce. "Cikin shekara huɗu. Ina ce wa mahaifiyata jarrabawa gare ni. Ba jarrabawa ba ce. Warin ɗakin ne ba na so."

"Sau uku," in ji Gwaggo. "Kin zo ranar Kirsimeti, kin tsaya a bakin ƙofa." Ta miƙo hannu ta baya ta matse mini gwiwa. "Yarinya ce ke a lokacin. Kin faɗa wa Allah?"

"Na faɗa."

"To ya wuce. Kar ki ƙara ɗaukarsa."

Kawu Verlyn ya bugi sitiyari har ƙahon motar ya yi ƙara. "Ka ji ta! Nata ya wuce, a numfashi ɗaya, ba a ko nemi shaida ba. Naki ne kaɗai ya fi ƙarfin Allah!"

Gwaggo ta janye hannunta a hankali.

"Kai yarinyar nan gida," in ji ta. "Uwarta na jira."

Washegari na je coci a kan zan gwada waƙoƙi, na hau kujera na daidaita madubin ya fuskanci hanyar dattawa. Minti ɗaya bai ɗauka ba. Na tsaya ina tunanin tun bara da minti ɗayan nan yake hannuna.

Wata biyu ba wanda ya sake tayar da zancen. Na ci gaba da cin abinci a gidansu ranar Lahadi, ina kallon kwanona. Kawu ya ci gaba da ce mini Farfesa. Abu ɗaya na lura ya sauya: ya daina miƙa hannu lokacin wa'azi, ya fara zuwa da tasa alewar a aljihu, sai Gwaggo ta ce masa idan bai daina wannan iyayin ba za ta daina yi masa girki.

Da Disamba ta zo Fasto ya yi sanarwar makon bincike. Ranar Asabar da safe Gwaggo ta kira ni a waya, ta ce in zo in taya ta fere gefen burodi, wuyan hannunta na ciwo. Ba ta taɓa barin kowa ya taɓa mata wannan aikin ba.

Na same ta a kicin, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Ta ba ni wuƙa, ta nuna mini, ta karɓe, ta sake nuna mini. Mun yi nisa kafin ta yi magana.

"Na je wurin Fasto ranar Talata."

Na ci gaba da fere burodin.

"Na gaya masa duka. Yaro ne, bai kai ɗana Darin shekaru ba. Saura kaɗan ya yi kuka, sai da na miƙa masa hankici." Ta tura wata karkatacciyar loma gefe. "Abin da kawunki ya faɗa shi ya faɗa, sai dai nasa kalmomin sun sha guga. Kar ki gaya wa Verlyn, kansa zai kumbura."

"Kin ji sauƙi?"

"A'a."

"Gobe fa?"

"Ban sani ba." Ta ajiye wuƙar. "Kin san abin da nake tsoro? In ci, alhali ba a yafe ba. In ƙara wani laifin a kan wancan, a gaban teburin Ubangiji. Idan na riƙe lomar, kuncinta nake gani. Ja, da yatsuna a jiki. Sai in ce wannan hannun ne zai kai jikin Almasihu baki?"

Na ce, "Ai da shi kika yanka."

Ta dubi hannun, ta dubi tulin burodin da ke kan ƙyalle, wanda mutum ɗari biyu za su ci gobe. Ban sani ba ko na taimaka ko na ƙara mata. Ta ce in kula, ina ferewa da yawa, ina ɓarnar burodi.

Da daddare dusar ƙanƙara ta sauka, da safe rabin mutanen karkara suka makara. Aka yi wa'azi, aka zaga da faranti, na yi kiɗa har dattawa suka dawo gaba, na tsaya. Na riƙe lomata. Wuyana ya so ya juya zuwa benci na huɗu, sai da na kafa ido a kan gwiwata. Ranar ce karo na farko cikin shekara guda da na yi addu'a a wannan lokacin, kuma addu'ar ba ta da tsawo.

Bayan an tashi na sauka kicin ɗin coci. Tana tsaye a gaban wurin wanki, ta naɗe hannun riga, finjalai suna iyo cikin kumfa. Na ɗauki tawul na fara gogewa. Mun goge kusan hamsin.

"Ba ki tambaya ba," in ji ta.

"Ba hurumina ba ne, Gwaggo."

"Yanzu kika sani?" Ta miƙo mini wani. "Na ci."

Na riƙe finjalin ban goge ba.

"Ya bushe. Mun yanka da wuri jiya, kuma ba ki rufe ƙyallen da kyau ba."

"Yaya kika ji?"

"Ban ji komai ba. Kuncin ya zo kamar kullum. Hannuna har ya fara neman jaka." Ta ci gaba da wanki, ba ta dube ni ba. "Sai na ce wa Allah, ni dai ba na jin an yafe mini. Amma Kai ka ce. Idan maganar ba gaskiya ba ce, taka ce, ba tawa ba. Ina faɗar haka sai tsoro ya kama ni, wa ke yi wa Allah magana haka? To amma ai ba ya ƙarya. Tunda ba ya ƙarya, sai na rasa dalilin da zan ci gaba da riƙewa. Na sa a baki kafin in sake tunani."

"Ruwan inabin fa?"

"Shi ma. Na ƙware, na yi tari, kawunki ya bubbuga mini baya kamar zai karya ni. Duk benci na uku sun juyo." Ta share goshi da bayan hannu. "Abin kunya."

Kawu Verlyn ya leƙo daga ƙofa da hula a hannu, dusar ƙanƙara a kafaɗarsa. "Mata, mota ta yi zafi tun ɗazu, mai na ƙonewa. Ko sai kun wanke na baɗi?"

"Da ka ɗauki tawul da mun gama."

"Ni? Da waɗannan yatsun? Ku ƙirga finjalanku tukuna." Ya tsaya yana kallon bayanta, ya juya hular sau biyu a hannu, ya koma.

Da muka jera na ƙarshe a akwati, ta ce, ƙasa-ƙasa, "Gobe da safe wataƙila in tashi da shi a ƙirjina yadda na saba."

"To yaya za ki yi?"

"In faɗa masa, in tuna wa kaina wa ya yi alkawarin, in ɗora ruwan gahawa. Me kuma zan yi?" Ta kashe fitila. "Har yanzu ina jin kunya, Renae. Ina jin ba za ta tafi ba. Kawai dai na daina ɗaukarta a matsayin amsarsa."

A gida ta ɗumama miyar wake, ta yanka cuku, muka ci. Kawu ya yi addu'a gajeriya, ya ƙara miya sau biyu. Na tashi zan kwashe kwanuka, ina jiran ta ce in zauna, don ba ta yarda kowa ya shiga kicin ɗinta. Ba ta ce ba. Ta cire takalmi a bakin falo, ta miƙe a doguwar kujera, ta ja bargon saƙa zuwa haɓa, ta yi barci har sai da Kawu ya tashe ta saura kwata a tafi sujadar yamma.